ƊAN'UWA RABIN JIKI, AMMA SAI JINI YA YARDA

Hausawa na cewa ɗan'uwa rabin jiki ne, kuma ba inda gaskiyar wannan magana take fitowa fili kamar a bakin gadon majiyyacin da ƙodarsa ta daina aiki. Allah ya halicci ɗan Adam da ƙoda biyu, alhali kuwa guda ɗaya mai lafiya ta isa ta riƙe shi har iyakar kwanansa. Saboda haka ne likitoci suke iya cire ɗaya daga jikin mai lafiya su dasa wa marar lafiya, su biyun su tashi su ci gaba da harkokinsu.

To, amma a ɗauki misalin wani magidanci a Gadaka, hedkwatar Masarautar Gudi, cikin Ƙaramar Hukumar Fika ta Jihar Yobe. Ƙafafunsa sun kumbura, fitsari ya ragu, abinci ya fita daga ransa. An kai shi Potiskum, daga can aka tura shi Damaturu, inda aka tabbatar ƙodojinsa duka biyu sun gaza, ba abin da ya rage sai wankin ƙoda ko dashe. Ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya miƙe ya ce a cire tasa. Da aka ɗebi jininsu aka auna, sai aka tarar jinin wan rukunin O ne, na ƙanen kuwa rukunin B. Ciki ɗaya suka fito, nono ɗaya suka sha, amma idan aka dasa wannan ƙoda haka nan ba tare da wani shiri ba, jikin wan yana iya hallaka ta tun ba a gama ɗinke shi ba.

Wannan misali ne kurum, amma irinsa ba baƙon abu ba ne a wurin likitoci. A ƙasashen da aka yi ƙididdiga, an ga kimanin mutum ɗaya cikin uku na masu niyyar ba danginsu ƙoda jininsu ba ya dacewa da na majiyyacin. Mafi yawan abin da aka sani game da wannan katanga, da dabarun tsallake ta, ba a jikin mutane aka fara koyonsa ba. A jikin karnuka da zomaye da kaji da maruƙa da birai da ɓeraye da aladu aka koye shi, cikin shekaru fiye da ɗari.

HALIN DA AKE CIKI A YOBE

Maganar ƙoda ba ta da nisa da mutumin Yobe. An daɗe ana kuka da yawan masu wannan ciwo a Gashuwa da Jakusko da Nguru da sauran garuruwan bakin Kogin Yobe, har masana suka duƙufa wajen binciken ruwan sha da abinci da magungunan gona, ko za a gano musabbabinsa. Gwamnatin jihar ta buɗe sashen wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, ta kuma ba da sanarwar yin wankin kyauta. Cikin 2021 aka kafa cibiyar binciken kimiyyar lafiya mai suna BioRTC a jami'ar jihar, bisa jagorancin Mahmoud Bukar Maina, kuma ciwon ƙoda na daga cikin abubuwan da ta sa a gaba.

Sai dai wankin ƙoda tallafi ne, ba warkewa ba. Bisa ƙa'ida ana son a yi wa majiyyaci sau 3 a mako, kowane zama wajen awa 4. Manomin da ke Gadaka, idan ya lissafa kuɗin mota da na masauki da ranakun da gona za ta kwana ba shi, ya san abin ba mai ɗorewa ba ne. Dashe shi ne mafita mai tsawo. An fara dashen ƙoda a Nijeriya cikin 2000 a Asibitin St. Nicholas da ke Legas. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya bi baya cikin 2002, sa'an nan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya yi nasa na farko cikin 2010. A dukkan waɗannan wurare, awon farko da ake yi wa mai bayarwa da mai karɓa shi ne na rukunin jini.

TAMBARIN DA KE CIKIN JINI

Duk makiyayi ya san amfanin shaidar da ake yi wa dabba, ko tsagar kunne ko lalas, don a rarrabe ta gida da baƙuwa. Haka jikin ɗan Adam yake da nasa tambari. Cikin 1901 wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, ya riƙa gauraya jinin abokan aikinsa, ya lura wani yana haɗuwa da wani lafiya, wani kuwa sai ya dunƙule. Daga nan aka san rukunan A da B da O, aka ƙara na huɗu, watau AB, cikin 1902. An ba shi lambar girma ta Nobel cikin 1930.

Shi wannan tambari wani irin sukari ne ƙanƙane wanda ido ba ya gani, yana manne a bayan jajayen ƙwayoyin jini. Mai rukunin A yana da tambarin A, mai B yana da na B, mai AB yana da duka biyu, mai O kuwa ba shi da ko ɗaya. A cikin ruwan jinin kowane mutum kuma akwai dakaru masu gadi, waɗanda ke far wa duk tambarin da ba na gida ba. Don haka mai O yana iya ba kowa, amma ba ya karɓa sai daga mai O ɗan'uwansa, shi kuwa mai AB yana karɓa daga kowa. Kimanin rabin mutanen Nijeriya 'yan rukunin O ne.

Yadda 'yan ɗaki ɗaya suke bambanta kuwa ba abin zargi ba ne. Kowane yaro yana gadon rabi daga uba, rabi daga uwa, kuma gadon O yana iya ɓuya a bayan A ko B. Idan uba mai A ne mai ɓoye O, uwa kuma mai B ce mai ɓoye O, to, suna iya haifar 'ya'ya huɗu kowanne da rukuninsa dabam.

Abin da ya sa wannan ya shafi dashe shi ne, tambarin bai tsaya a jini kaɗai ba. Yana shimfiɗe a cikin bangon jijiyoyin jini na ƙoda da zuciya da sauran gaɓoɓi. Ko an wanke ƙodar tas kafin a dasa ta, tambarin yana nan. Da zarar jinin mai karɓa ya ratsa ta, sai dakarun su kama bangon jijiyoyin, jini ya daskare a ciki, ƙodar da take ja-wur ta koma shuɗiya-shuɗiya cikin mintoci ko awowi kaɗan.

DARUSSAN FARKO

Tun cikin 1665 Richard Lower ya ɗura wa wani kare jinin wani kare a Ingila, karen ya rayu. Bayan shekara biyu, cikin 1667, wani likita a Faransa, Jean-Baptiste Denis, ya ɗura wa mutane jinin ɗan rago da na maraƙi. Da ɗaya daga cikinsu ya mutu, hukuma ta hana aikin, aka jingine shi fiye da shekara ɗari. A farkon ƙarni na 20 Alexis Carrel ya ƙware wajen ɗinke jijiyoyin jini a jikin karnuka da kyanwoyi. Ya lura cewa idan ya cire ƙodar kare ya mayar masa da abarsa takan yi aiki, amma idan ya dasa ta wani karen sai ta lalace cikin kwanaki. Watau matsalar ba ta ɗinki ba ce.

Cikin 1933 wani likita a birnin Kerson na ƙasar Yukiren, Yurii Voronoy, wanda shi ma a kan karnuka ya yi koyo, ya yi dashen ƙoda na farko daga mutum zuwa mutum. Mai ƙodar rukunin B ne, matar da aka dasa wa kuwa O, daidai da misalin 'yan'uwan nan na Gadaka. Ƙodar ba ta yi aikin kirki ba, matar ta rasu bayan kwana biyu. Sai ran 23 ga Disamba, 1954, aka sami nasara ta farko mai ɗorewa a birnin Bostan na Amurka, sa'ad da Joseph Murray ya yi dashe tsakanin tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda tambarinsu duk iri ɗaya ne.

Alamar tarawa ko ta ɗebewa da ake rubutawa a gefen harafin jini ita ma daga dabba aka samo sunanta. Cikin 1940 Landsteiner da Alexander Wiener suka yi wa zomaye allurar jinin wani birin ƙasar Indiya da ake kira Risas, suka ga ruwan jinin zomayen yana kama jinin mafi yawan mutanen da suka auna. Daga nan aka sami sunan Rh. Shi wannan tambari yana da muhimmanci ƙwarai wajen ƙarin jini da kuma ga mata masu ciki, amma ba ya hana dashen ƙoda, domin babu shi a bangon jijiyoyin ƙodar.

Haka nan binciken rukunin jinin ɓeraye da Peter Gorer ya yi a Landan wajen 1936, wanda ya ci gaba da shi tare da George Snell na Amurka, shi ya buɗe ƙofar gano wasu tambura dabam na tsokar jiki. Su ne ake aunawa a yau bayan an gama da rukunin jini, kuma a nan ne 'yan'uwan ciki ɗaya suka fi bare dacewa.

KAJI DA TAGWAYEN MARUƘA

Akwai tambaya guda da ta daɗe tana damun masana: yaya aka yi mai rukunin O yake da dakarun yaƙar B, alhali ba a taɓa ƙara masa jinin kowa ba? 'Yan tsaki ne suka ba da amsa. Cikin 1959 Georg Springer da abokan aikinsa a Amurka suka reni 'yan tsaki a wurin da ba ƙwayar cuta ko ɗaya, suka tarar kusan ba su da waɗannan dakaru. Da aka ciyar da su wata ƙwayar cutar hanji mai ɗauke da sukari irin na tambarin B, sai dakarun suka bayyana da yawa. Ashe ba a haihuwar mutum da su. Jariri yana fara ƙera su ne bayan 'yan watanni, sa'ad da ƙwayoyin cuta suka zauna a hanjinsa.

Darasi na biyu kuwa daga garken shanu ya fito, kuma mutumin ƙasar Potiskum, inda ake da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma, ba zai sha wuyar gane shi ba. Tun zamanin da makiyaya sun lura cewa idan saniya ta haifi tagwaye, namiji da mace, galibi macen ba ta haihuwa. Dalili shi ne jijiyoyin mahaifarsu suna haɗuwa, jininsu ya gauraya tun suna ciki. Cikin 1945 Ray Owen na Jami'ar Wiskonsin ya auna irin waɗannan tagwaye, ya tarar kowanne yana ɗauke da rukunin jininsa da na ɗan'uwansa har girmansa, ba kuwa tare da wani yaƙi a jikin ba. Peter Medawar da abokan aikinsa a Ingila suka ga tagwayen maruƙa suna karɓar fatar juna, sa'an nan cikin 1953 suka tabbatar da abin a jikin ɓeraye: duk baƙon da jiki ya saba da shi tun yana ɗanye, yakan ɗauke shi ɗan gida.

BIKA, MAKUSANCIN ƊAN ADAM

Kare da ɓera ba su da tambarin A da B a jijiyoyinsu irin na mutum, saboda haka masana suka juya ga bika, watau gwaggon birin nan da ya cika dajin Yankari na Jihar Bauchi. Bika yana da rukunan A da B da AB, amma rukunin O yana da wuyar samu a cikinsu. Wani abin mamaki kuma, tambarin nasa yana cikin yawu da bangon jijiyoyi, amma kusan babu shi a kan jajayen ƙwayoyin jini.

An ga hatsarin wannan bambanci ran 26 ga Oktoba, 1984, a asibitin Loma Linda na Jihar Kalifoniya, sa'ad da Leonard Bailey ya dasa wa wata jaririya zuciyar bika. Jaririyar rukunin O ce, bikan kuwa AB. Ta rasu ran 15 ga Nuwamba, kuma daga baya likitan da kansa ya amsa cewa tsallake rukunin jinin kuskure ne babba.

Daga shekarun 1980 zuwa farkon 1990, David Cooper da abokan aikinsa, da fari a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, daga baya a Oklahoma ta Amurka, sun riƙa dasa zuciya tsakanin bika mai A da mai B. Sun nuna cewa idan dakarun sun yi yawa a jini zuciyar takan mutu nan take, amma idan aka ɗura wa dabbar sukari mai kama da tambarin, dakarun sukan shagala da shi su ƙyale zuciyar na wani lokaci. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa yawan dakarun a ranar aiki da makonnin farko shi ne abin tsoro.

YADDA AKA TSALLAKE KATANGAR

A kan wannan ra'ayi ne Guy Alexandre ya yi aiki a Birasels ta ƙasar Beljiyam tun wajen 1982. Kafin dashe sai ya tace ruwan jinin majiyyaci da na'ura don rage dakarun, ya kuma cire saifa, wadda take ɗaya daga cikin wuraren ƙera su. Mafi yawan ƙodojin suka zauna. Har ma aka lura cewa bayan makonni, ko da dakarun sun komo, ƙodar ta riga ta saba da su, ba su cika yi mata lahani ba. Likitocin Japan sun rungumi wannan hanya tun 1989, domin a can ba a cika samun ƙodar mamaci ba, har ta kai fiye da ɗaya cikin huɗu na dashen da ake yi daga rayayyu a ƙasar tsakanin masu jini mabambanci ne. A farkon shekarun 2000 aka maye gurbin cire saifa da allurar magani mai suna rituximab.

Darasin kaji da maruƙa shi ma ya yi rana. Tunda jarirai ba su gama ƙera dakarun ba, Lori West ta asibitin yara na Toronto a Kanada ta fara dasa musu zuciya ba tare da duban rukunin jini ba cikin 1996, ta bayyana sakamakon jarirai 10 cikin 2001. An tarar da yawansu sun girma ba su ƙera dakarun yaƙar tambarin zuciyar da aka ba su ba. Don a fahimci yadda hakan yake faruwa, daga baya ita da abokan aikinta a Jami'ar Albata suka samar da ɓeraye waɗanda aka sa wa gadon tambarin A na ɗan Adam a jijiyoyinsu.

Cikin 2022 masana a Toronto da Kambirij suka gwada wata dabara dabam, watau kankare tambarin daga jikin gaɓar kanta da wasu sinadarai, suka mai da huhu mai A da ƙoda mai B suka koma kamar O. A gaɓoɓin da ba a dasa wa kowa ba aka yi wannan gwaji.

MAGANAR ALADE

Ƙodar alade ta yi kusa da ta mutum a girma da aiki, amma tana ɗauke da wani sukari da ake kira Gal, wanda ya yi kama da tambarin B ƙwarai. Mutum da bika ba su da shi, kuma dukansu suna da dakarun yaƙarsa. A farkon shekarun 2000 aka samar da aladun da aka cire wa gadon wannan sukari, aka shiga gwada gaɓoɓinsu a jikin birai. Cikin 2023 aka ba da labarin birin da ya yi kwana 758 da ƙodar alade. A watan Janairu, 2022, aka dasa wa wani mutum zuciyar alade a Jihar Merilan, ya rayu wata biyu. A watan Maris, 2024, aka dasa wa wani ƙodar alade a Bostan, shi ma ya rasu bayan kimanin wata biyu. Wani da aka yi wa a farkon 2025 ya yi kimanin wata tara da ita kafin a cire.

Wannan fage na gwaji ne, bai zama magani ba tukuna. Ga Musulmi kuma akwai tambaya ta shari'a, wadda malamai ke dubawa ta fuskar haramcin alade da kuma hukuncin lalura. Dashe tsakanin mutum da mutum kuwa, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta shi bisa sharuɗɗa a zamanta na Jidda cikin 1988, ta kuma haramta cinikin gaɓoɓi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta hana sayar da su a Nijeriya.

ABIN DA YA RAGE GA MUTANEN GIDA

Ya kamata a sani cewa kowace dabba gefe ɗaya kawai take nunawa. Ko tambarin da zomayen Landsteiner suka kama, daga baya an gano ba shi ne ainihin Rh na mutum ba, wani ne makusancinsa. Bika ba mutum ba ne, ɓeran da aka sa wa tambari kuma bai daina zama ɓera ba. Shi ya sa ba a yarda da wata dabara sai an sake gwada ta a hankali a jikin mutane da izininsu, kuma dabbobin ma akwai ƙa'idojin da ke hana a wahalar da su ba gaira ba dalili.

Ga iyali irin na Gadaka, rashin dacewar jini ba shi ne ƙarshen magana ba. Idan ƙane bai dace ba, wata ƙanwa ko ɗan baffa na iya dacewa, don haka yana da kyau a gabatar da dangi fiye da ɗaya. Akwai kuma hanyar musaya, wadda aka fara a Koriya ta Kudu cikin 1991: iyali biyu masu matsala iri ɗaya, mai bayarwa na wannan gida ya ba majiyyacin wancan, na wancan ya ba na wannan. Hanyar tace jini tana da tsada, tana kuma ƙara hatsarin kamuwa da cututtuka, amma musaya ba ta bukatar wata sabuwar na'ura. Abin da take bukata shi ne rajista mai kyau da amana tsakanin asibitocin Damaturu da Maiduguri da Kano, kuma wannan aikin hukuma ne.

Kafin a kai ga haka, rigakafi ya fi magani. Hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba wajen kashe ƙoda, kuma awonsu ba ya ɗaukar minti goma. Yawan shan magungunan kashe ciwon jiki barkatai da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, su ma suna gajiyar da ita. Awon rukunin jini kuwa ɗigo ɗaya ne a ɗan yatsa, kuma ya kamata kowane magidanci ya san nasa da na iyalinsa tun ana zaune lafiya, ba sai ranar da aka taru a bakin gadon asibiti ba.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kuma saka wa masu ba da ƙodarsu don ceton 'yan'uwansu da alheri, amin.